Hodar Ɗanmaliki

Gwaggo Zuwaira ta kifa jaririn a kan cinyarta, ta kwance ƙullin leda da haƙori, ta barbaɗa farin gari a matsematsinsa, inda fata ta saɓule ta yi jajir. Yaron ya ƙanƙame jiki ya tsala ihu. Mashkura, uwarsa, tana bakin gado riƙe da kwanon kunun kanwa. Ta san garin nan. Irinsa aka kwaɓa da sukari aka ajiye bayan randa saboda kyankyasai.

A kasuwar Zoza ake samunsa, wurin Ɗanmaliki mai lasifika. Hodar borik, in ji shi, ba abin da ba ta yi: ta kashe kyankyaso, ta fitar da dattin kwano, ta wanke ido, ta busar da ƙurajen jarirai. Ledar ba suna, ba rubutu. Mashkura kuwa ta yi makarantar koyon aikin lafiya kafin aure, kuma ba ta manta ba: fatar jariri in ta saɓule, abin da aka zuba mata shanye shi take yi har jini.

Sai dai Suhaibu ɗan fari ne, ita kuma wankan jego ta zo gidan iyayenta. Uwar kirki ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya.

"Gwaggo, wannan guba ce. Ki daina sa wa Suhaibu."

Inna Turai, mahaifiyarta, ta sunkuyar da kai kamar ita aka kama da sata.

"Har da suna?" Gwaggo ta riƙe haɓa. "To sannu, mai ɗa. 'Ya'yan unguwar nan da ita nake musu, ga su can suna guje-guje. Boko dai ya cinye kunya."

* * *

Mashkura ta faki ido ta zuba hodar a masai. Ranar kasuwa Gwaggo ta sayo wata, ta ɗaure a bakin mayafinta. Mashkura ta kira mijinta da ke aiki a Ƙaraye, ya ce ta bar wa manya, kada ta ja musu abin faɗa. Matan unguwa suka riƙa leƙowa don su ga marar kunyar ɗan fari. Ba ta sauke musu ido ba. In an miƙo mata shi shan nono, sai ta juya baya ta goge masa da jiƙaƙƙen tsumma. Amma wanka safe da yamma ne, kuma bayan kowane wanka hodar na dawowa.

Yaro ya fara amai kore-kore. Jikinsa ya yi ja kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, fatar tafin ƙafarsa tana ɓarewa. Gwaggo ta ce zafi ne yake fita, ta ƙara hoda. Da ya fara sanƙarewa aka ce iska ce, aka kawo garwashi da turare.

Mashkura ta tashi a gaban kowa, ta ɗauke ɗanta daga cinyar Gwaggo, ta goya shi, ta fice ba mayafi. Ruwan damina ya cinye hanyar Rogo, mai babur ɗin da ya ɗauke ta yana tafiya yana turawa. A asibiti aka tambaye ta me aka shafa masa, ta faɗa. Ma'aikaciyar jinya ta dubi yaron, ta dube ta. Kafin la'asar ya cika.

* * *

Duk macen da ta zo gaisuwa sai Mashkura ta gaya mata abin da ya kashe shi. Su kuma su ce kwana ne ya ƙare, su fita suna raɗa cewa zafin rashi ya taɓa ta. Gwaggo ta fi kowa kuka, kuma kukan gaskiya take yi.

Da safiyar wata ranar kasuwa aka aiko cewa Sadiƙa ta makwabta ta sauka, ana jiran Gwaggo ta je wankan jariri. Mashkura tana shara, nono ya jiƙa mata gaban riga. Ta ja randa gefe, ta tarar da kyankyasai a kwance rigingine, sun bushe. Gwaggo ta wuce ta da sauri, ɗan ƙulli yana lilo a bakin mayafinta. Daga can kasuwa, lasifika ta fara gwajin murya.