Ragin Sallah a Shagon Zakari

Inusa ya jefa ƙwallo ta uku a ragar wasan kwamfuta, abokin karawarsa ya dangwarar da manet, abin riƙon da ake buga wasan da shi, ya tashi yana tsaki. Kafin bencin ya huce wani ya zauna. Zakari mai shagon yana tsaye a bakin ƙofa da kwaɗon ƙofa a hannu. Ya dubi wayarsa. Ƙarfe biyu da kwata.

"Wannan ce ta ƙarshe," ya ce. "Daga ita zan rufe."

Babu wanda ya waiwayo. Inusa, ɗan kabu-kabu mai shekara arba'in ba ɗaya, ya nuna allon da ke jingine da bango da haɓarsa, idonsa yana kan kwamfuta.

"Karanta abin da ka rubuta, maigida. Ni ban yi nisa a lakwal wurin karatun boko ba, amma wanga na iya shi."

Zakari ba ya bukatar karantawa, da hannunsa ya rubuta da alli daren jajibiri: RAGIN SALLAH. TSOFAFFIN WASANNI DALA GOMA. WANDA YA CI BA YA TASHI, BA YA SAKE BIYA.

Shekara goma sha shida ke nan da ya buɗe shagon a unguwar Zariya ta Maradi, da kwamfuta shida 'yan gwanjo. Wasa ɗaya ne ya riƙe shagon, wata tsohuwar ƙwallon ƙafa da ake kira Kan Bulo, don kawunan 'yan wasan ciki murabba'i ne kamar bulon siminti. Yanzu kasuwar ta mutu. Yara suna da wasanninsu a waya, masu kuɗi kuma suna zuwa sabon shagon bakin titi mai manyan talabijin. Zakari ya yi ragin ne a matsayin ban kwana. Ya zaci mutum goma za su zo, su buga, ya rufe kafin azahar. Sai labarin ya zaga wayoyi. Tun hantsi na washegarin Babbar Sallah ga magidanta sun cika shagon, wasu da furfura a gemu, cikin sabuwar shadda, hannuwansu suna ƙamshin soyen nama. Akwai waɗanda ya yi shekara bakwai bai sa su a ido ba.

Abin da ya sa yake son rufewa yana ƙauyen Jiratawa. Kawunsa, Maman Lawali, gwiwoyi sun hana shi noma, ya ce zai miƙa filinsa na ban-ruwa ga ɗaya daga cikin 'ya'yan 'yan'uwansa. Fili ne a bakin kanal, magudanar da ke kawo ruwan noma, yana ba da albasa da barkono da zogale rani da damina. Tsohon ya zaɓi Zakari, amma da sharaɗi: ya zo yau bayan la'asar, ga dangi, ga shugaban ƙungiyar manoma, a sauya sunan da ke takarda. Idan bai zo ba, akwai wani ɗan'uwansu, Shamsu na garin Tsibiri, wanda ya daɗe yana zagayen filin. Matar Zakari, Saudatu, ta riga ta tafi da yara tun safe. A moto, wato babur, tafiyar ba ta wuce minti ashirin.

Sauran kwamfutocin biyar an yi watsi da su, kowa ya dawo bayan Inusa yana kallo. Mutum goma sha ɗaya ya kayar a jere. Da aka yi azahar ma hularsa ya ɗora a kan bencin, aka tsayar da wasan, aka yi sallar da ba ta kai minti huɗu ba.

"To mu yi haka," in ji Zakari. "Da an ci Inusa, zan kulle. Kun yarda?"

"Mun yarda," suka ce. Inusa ya yi dariya ta hanci.

"Ka aika gida a kawo maka tabarma."

Wayar Zakari ta yi ƙara. Ya fita waje ya ɗauka.

"Abban Khaulat, kana ina?" muryar Saudatu ce, ƙasa-ƙasa, alamar ta keɓe ne daga cikin mata.

"Ga ni nan tafe. Mutane ne suka riƙe ni."

"Shamsu tun hantsi yake nan. Ya kawo ma Kawu cinyar rago guda. Ɗazu shi ya zuba mashi ruwan alwala, har da gyara mashi takalmi."

"Bar shi ya wanke mashi ƙafa ma. Kawu ya ba ni magana."

"Shi ma maganar ka ba shi. Kore su ka taho."

"Ba a korar mutane ran sallah, Saudatu."

Ta kashe wayar.

Gaskiya ita ce da ya so da ya zare wayar wuta, a yi masa tsiya ta kwana biyu ta wuce. Ya gaya wa kansa cewa ɗan kasuwa a Maradi ba ya cin maganarsa. Ya gaya wa kansa cewa ba zai bar musu shagon ba, don an taɓa fasa masa gilashin kwamfuta a kan gardamar fenariti. Duk wannan haka ne. Amma da ya koma ciki bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya matsa har bayan bencin inda ake ganin wasan sosai.

Gardama ta riga ta kaure. Nasser, ɗan wani Alhaji mai manyan motoci, shi ne aka kayar yanzu, yana share wuyansa da hankici.

"Wanga ba wasa ba ne, wahala ce," ya ce. "Ku zo gidanmu ku ga sabon. Ciyawa ɗai-ɗai kake gani. Gumin ɗan wasa ma kana gani."

"Gumi na zo kallo?" in ji Inusa. "Kullum ina ganin gumi bisa moto, kyauta."

Aka bushe da dariya.

"To mi ya kawo ka, in na gidanku ya fi?" wani ya tambayi Nasser.

"Ragi na ji an yi."

"Ɗan Alhaji da bin ragin dala goma. Shi ya sa ba ku talaucewa."

Wani dogon tela ya ce ragin ma ya makara, shekara goma sha shida Zakari yana tatsarsu. Wani ya ce ragin cin mutuncin Kan Bulo ne, wasa irin wannan kamata ya yi a ƙara masa kuɗi don tarkace su daina taɓa shi. Idirisa, malamin makaranta na kwantiragi wanda ya shekara tara yana jiran a ɗauke shi aiki na dindindin, bai yi dariya ba. Yana riƙe da dala gomarsa yana jiran layi.

"Ni abu guda na sani," ya ce. "A sabbin, na'ura ce ke buga maka rabi. A wanga, in ka iya ka ci, in ba ka iya ba a ci ka. Alƙalin ciki bai san ubanka ba. Ku nuna mani wuri guda a garin ga da yake haka."

Ga su nan su kusan ashirin, masu mata da 'ya'ya, a cushe a ɗaki mai fanka ɗaya, suna neman adalci a wurin mutane masu kan bulo.

Idirisa ya zauna, aka ci shi huɗu da nema. Bayansa tela, biyu da nema. Ƙarfe uku da minti goma.

"Inusa," Zakari ya sunkuya ya ce a kunnensa, "don Allah ka bari a ci ka. Ina da tafiya. In ka so gobe ka wuni nan kyauta."

Inusa ya ɗago ya dube shi karo na farko tun safe.

"In bari a ci ni? Zakari, fasinja ya zage ni in yi shiru. Ɗan sanda ya tare ni in ba shi haƙuri. Mai moto ya ce in kawo mashi kuɗi kaza in kai. Nan ma sai in sunkuya? In sauri kake, ga benci. Duk ɗakin ga kai ɗai ka taɓa cina."

Ɗakin ya ɗauka. "Maigida ya zauna. Maigida ya zauna."

Shekara uku Zakari bai taɓa manet ba. Ya daina ne tun ranar da zazzaɓi ya sa Khaulat suma, Saudatu ta kira shi sau biyar bai ɗauka ba, maƙwabci ne ya kai su asibiti. Ya yi mata alkawari a bakin gadon yarinyar, kuma ya riƙe. Yanzu ya yi lissafi: wasa ɗaya minti goma ne. Ya ci Inusa, ya kulle, ya isa Jiratawa kafin a kira la'asar. Don filin zai yi, don Saudatu ma zai yi. Ya ajiye kwaɗon a kan tebur, ya kife wayar kusa da shi, ya zauna.

Yatsunsa ba su manta komai ba. Ya san cewa a Kan Bulo idan ka gangaro ta hagu ka buga daga kusurwar gidan gola, golan yana faɗuwa ta inda ba ƙwallo. Ya san daƙiƙar da ake sakin maɓalli. Minti biyu da farawa ya zura ta farko, ɗakin ya girgiza. Wani abu da ya daɗe a kwance a ƙirjinsa ya miƙe zaune. Aka tashi biyu da ɗaya, Zakari ne da biyu.

Ya yunƙura zai miƙe, Inusa ya riƙe masa hannun riga.

"Sa'a ce. Yatsana ya sage tun wasan Nasser."

"Mun yi magana, Inusa."

"Mun yi. Tafi abinka. Gobe in gaya ma duk tashar kabu-kabu ka ci guda ka ruga."

Zakari ya dubi ƙofa. Ba wanda ya tare ta. Ya ce, "Guda. Don ka san ba sa'a ba ce."

Ya ci ta biyun. Inusa ya ci ta uku da bugun da Zakari ya rantse ba ya shiga a ƙa'ida, don haka dole a yi ta huɗu. Ladan ya kira la'asar a masallacin bayan shagon, wasu suka fita, mafi yawa suka ce bari a ƙarasa wannan. Wayar tana ta kakkarwa a kan tebur tana matsawa kaɗan-kaɗan, har Idirisa ya sa hannu ya tare ta kada ta faɗi.

"Maigida, ana kiranka."

"Na ji."

Ana cikin wasa na goma sha biyu, Inusa yana gaba da biyu da ɗaya, saura kaɗan a tashi, aka ɗauke wuta. Fankar ta yi juyi uku ta tsaya. Zakari ya ga fuskarsa a baƙin gilashin kwamfutar, bakinsa a buɗe. Ya jawo wayar. Biyar da rabi ta wuce. Kiran Saudatu tara, da saƙon murya ɗaya daga Kawu. Ya fita waje ya kara a kunne.

"Zakariya'u, ni ne. Mun jira ka har shugaba ya gaji ya koma gida. Matarka ta ce wai moto ne ya lalace maka a hanya, tana faɗi tana kallon ƙasa. Ban ce ma Shamsu komi ba tukuna. In ka iso kafin magariba, mu taka gidan shugaba tare, ka san ba nisa. In an kira salla ban gan ka ba, to na gane ba ka so, kuma ba zan riƙe ka a zuciya ba. Ruwa dai ba ya jiran mai gona. Allah ya kawo ka lafiya."

Rana tana nan da sauranta a saman rufin kwano. Motonsa yana jingine a gindin bishiyar bedi, lafiyarsa lau. Ya lalubo makulli a aljihu. Yanzu ba mai cewa ya kori kowa, wuta ce ta tashi wasan. Mutanen sun fara fitowa suna fifita da huluna, suna ci gaba da gardama. Tela yana cewa yau ya tuna ƙuruciyarsa. Nasser yana cewa shi dai har gobe sabon ya fi, amma a riƙe masa layinsa. Idirisa ya ce da Zakari zai ji shawara da ya bar ragin har ƙarshen mako.

Inusa ne ya fito ƙarshe, yana miƙa, yana lanƙwasa yatsu.

"Ka yi sadaka, maigida," ya ce. "Masu wuta sun cece ka. Biyu da ɗaya, kowa ya gani."

"Saura minti guda da rabi. Da na rama."

"Da. To sauka lafiya. Ka gai da manoma."

Zakari ya hau moton, ya sa makulli. Ya zauna haka da ƙafa ɗaya a ƙasa. Titin da ke fita kudu yana nan a buɗe, amalanken shanu ɗaya ne kawai a kai.

"Nasser," ya ce, bai dubi kowa ba, "leƙa bayan ƙofa, akwai ƙaramin injin wuta. Jijjiga shi ka ji ko da mai."

Nasser ya shiga, aka ji ƙarar ƙarfe. "Ƙaf yake."

Zakari ya sauko. Ya ɗauki wata gorar ruwa da aka yar a gindin bishiyar, ya zubar da sauran, ya yarfe ta. Ya tsuguna a gefen moton, ya zare siririn tiyon da ke ƙarƙashin tanki, ya kara bakin gorar. Man ya fara zuba a hankali. Wayar ta sake motsi a aljihunsa, amma hannuwansa biyu duk suna riƙe da abu.