Gishirin Rabilu

Duk Cadakori ba wanda ya kai Rabilu iya gyaran fatar akuya. Ranar kasuwa zai sayo fatu ɗanyu, ya shimfiɗa, ya barbaɗe su da gishiri, kafin la'asar ruwan jikinsu ya tsattsafo ya jiƙa ƙasa. In rana ta ƙwalle ma abin ya fi sauri. Yakan ce gishiri ɓarawon ruwa ne, duk inda ruwa ya ɓuya sai ya zaƙulo shi.

Sai ga gudawa ta kama ɗiyarsa Nazira, wadda ko daɗewa ba a yi da yaye ta ba. Uwarta Zinariya ta kai ta asibiti, ta dawo da ƙullin garin gishiri da sukari. An ce a zuba ƙulli guda a cikin babbar kwalbar ruwa, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan.

Rabilu ya dubi kwalbar, ya dubi yarinyar da idanunta suka faɗa.

"Haba! Cikin nata nawa yake? Yaushe za ta shanye wannan? Tsarma magani ai kashe shi ne."

Ya ɗauko ɗan kofin shayinsa, ya juye garin duka, ya dama har ya yi kauri.

"Baban Nazira, ba haka likita ta ce ba."

"Ke dai riƙe min ita."

Kaico! Wallahi ba mugunta ba ce, so ne da gaggawa. Yarinya na ture kofi, uba na lallashi: "Sha, 'yar baba, sha ki tashi." Gudawa ta ƙaru, ta dinga kukan ruwa, leɓunanta suka bushe. Shi kuwa ya ɗauka ciwon ne ya fi ƙarfin magani, sai ya dama na biyu.

Da jikinta ya fara fizga, suka hau kabu-kabu sai asibiti. Likitar ta tambayi yadda aka haɗa, Zinariya ta sunkuyar da kai, Rabilu ya faɗa da bakinsa.

"Malam," in ji likitar, muryarta a sanyaye, "in gishiri ya yi yawa a hanji, ba ya ba jiki ruwa. Jawo na jikin yake yi."

Nan take Rabilu ya gane. Wa za a koya wa wannan? Ya zauna daɓas a ƙasa.

An yi ƙarin ruwa, an yi iya yi, amma Nazira ba ta kai magariba ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, mutane suka cika ƙofar gida, ana ta cewa kwana ne ya ƙare. Rabilu ya zame ya shiga rumfarsa. Fatar ɗan akuyan da ya barbaɗa wa gishiri jiya tana nan a shimfiɗe, ta ƙanƙance, ta yamutse, ruwanta duk ya tsiyaye ƙasa ta shanye.

Ya durƙusa, ya shiga kakkaɓe gishirin da hannu biyu, yana kuka.