Ɗauki Mana, Taki Ce

Yayata Nawal tana da kujeru goma sha huɗu a gidanta na Iskandariyya, duk ƙirar shekarun hamsin, masu siraran ƙafafu da kwantaccen baya. Amma wadda ta hana ta sakat tana falon Ustaz Fikri, mijin 'yar kawunmu. Biyu aka ƙera wa iyayenmu, na jan katako da baƙar fata. Ta Mama tana wurin Nawal. Ta Baba kuwa kawu ya ara bai mayar ba, har ta bi 'yarsa gidan miji.

Shekara tara Nawal tana lallashi, Fikri yana cewa ba ta sayarwa ba ce. Sai muka ji ranar Asabar zai kai ta wurin kafinta, a yage fatar, a sa karan-miski, a shafe katakon da ruwan zinariya, wai don bikin 'yarsa.

"Zinariya!" in ji Nawal. "Ra'fat, nemo min 'yan dako biyu."

"Yaya, sata za mu yi?"

"Ziyara za mu yi. Sa rigar kirki."

Ranar Juma'a muka je da farantin zaƙin basbusa, muka tarar dangin ango sun cika falon. Sai da aka zagaya da shayi Nawal ta ɗaga murya.

"Ustaz Fikri, kujerar nan taka akwai kyau, masha Allah!"

Ko yaro ya san in an yaba abu a nan mai gida zai ce a ɗauka, ya kuma san baƙo zai amsa da Allah ya bar maka abinka. Fikri mutum ne mai son a ce shi mai kyauta ne, ga surukai sun zuba ido. Ya dafa ƙirji.

"Haba Madam Nawal, ɗauki mana, taki ce!"

"Na gode," in ji ta. Ta leƙa taga ta kira 'yan dakon.

Kunya ta kusa kashe ni. Uban ango kuwa sai yabon karamcin Fikri yake yi, shi ko yana murmushi kamar mai ciwon haƙori.

Ba a gayyace mu bikin ba, kuma 'yar kawu ta daina gaishe mu. Abin ya yi wa Nawal ciwo, na ga ta share hawaye. Ranar ɗaurin auren na same ta zaune a kujerar Mama, tana shafa hannun ɗayar.

"Ka ga inda yatsan Baba ya cinye katakon? Nan suka so su rufe da zinariya."

Na juya zan zauna.

"Ɗauko wata," ta ce. "Nan wurin Baba ne."