Ƙofar Injin Wanki

Da aka rufe gidan sinima aka mayar da shi wurin ajiye tayoyi, ba rashin aikinsa a can ne ya fi damun Baba Kun-Lura ba, rashin 'yan kallo ne. 'Yarsa ta samar masa aikin goge tebura a ɗakin cin abinci na siton da take naɗe kaya, kuma kafin a ankara ya mallake talabijin ɗin da ke maƙale a bango. Rimot ɗin a aljihun rigarsa yake zama, har banɗaki da shi yake shiga.

Kullum lokacin abincin rana sai ya saka fim, kuma ba ya saka kowane iri sai na sararin samaniya: jirage masu zuwa wasu duniyoyi, halittu masu ido a tafin hannu, mutum-mutumin ƙarfe mai kuka. Aibinsa ɗaya, ba ya barin fim ya yi tafiyarsa. Ana tsakiyar yaƙi zai danna rimot, hoto ya tsaya cak, ya taka gaban talabijin da tsumma a kafaɗa.

"Kun lura?" zai ce. "Wannan jirgin murfin tukunya ne. Ga inda aka cire mariƙin."

Daga nan sunan ya bi shi. Shi ya nuna musu cewa dodon da ya cinye gari mutum ne cikin soson katifa, kuma bindigar jarumi na'urar busar da gashi ce aka fesa wa fenti. Tun suna yi masa tsaki har suka kamu. Aka kai lokacin da ba wanda ke bin labari, kowa ya ƙura ido a gefen hoto yana farautar waya ko inuwar mai ɗaukar hoto, wanda ya fara gani ya buga tebur.

Ba wai iyakar saninsa ke nan ba. Ya san masu irin waɗannan finafinan gwanayen habaici ne, su ce maka suna labarin wata duniya mai nisa alhali da mai gidan hayarsu suke. Sai dai duk ranar da ya ɗauko wannan zancen, cokula kawai yake ji suna ƙara. Murfin tukunya kuwa dariya yake kawowa, shi kuma tsoho yana son dariyar nan fiye da yadda zai yarda.

Ana nan sai kamfani ya zo da abin da manaja ya kira agogon lafiya. Ba ya nuna lokaci. Takun mutum yake ƙirgawa da saurinsa, yana haske kore idan ana tafiya yadda ake so. Manaja ya ce don kula da lafiyarsu ne, kuma ba dole, za a taru bayan abincin rana a ɗaga hannu, abin da masu rinjaye suka zaɓa shi ke nan.

'Yar Baba da gajeriyar ƙafa ɗaya aka haife ta. A kan teburin naɗi babu hannun da ya kai nata sauri, amma tsakanin kantocin kaya jan ƙafar take yi. Ta san idan agogon ya hau hannunta, ita zai fara nunawa. Ta bi tebur-tebur tana roƙo, ana ce mata, "To, za mu duba."

Da safiyar ranar ɗaga hannun ta same shi yana ɗaure takalmi a ƙofar ɗaki.

"Baba, fim ɗin nan da ka nuna mini ina ƙarama, na masu haƙar ma'adinai a duniyar wata. Shi za ka saka yau."

Ya gane nan take. A fim ɗin ana ba ma'aikata awarwaro mai haske, wanda nasa ya koma rawaya a ce ya cancanci hutu, a raka shi wata ƙofa ana tafi. Sai can ake gane babu komai bayan ƙofar sai sarari.

"Kin san wanda ya shirya shi a masaƙa mahaifiyarsa ta yi aiki? Kuma awarwaron nan..."

"Baba." Ta riƙe hannunsa. "Don Allah kada ka taɓa rimot. Kada ka ce komai. Ka bar su su gani da idonsu, sau ɗaya kawai."

Ya yi mata alkawari, kuma har zuciyarsa ya yi shi.

Da rana ɗakin ya cika. Ya kunna fim daga inda ake raba awarwaro, ya ajiye rimot a kan firji, ya koma can baya ya harɗe hannuwa. Jirgi ya wuce, ya san da ƙafar fanka aka yi shi, ya cije leɓe. Mai tuƙa motar ɗaga kaya ya waiwayo yana jiran a tsayar, da ya ga shiru sai ya mayar da kai.

A hankali abin da tsohon bai taɓa gani a ɗakin ba ya faru. Cokula suka daina ƙara. A fim, awarwaron wata tsohuwa ya koma rawaya, abokan aikinta suka kewaye ta suna tafi, ita kuma tana ta godiya, tana tambaya ko akwai taga a ɗakin hutun. Wata mai liƙa takarda a kwalaye ta shafa wuyan hannunta ba tare da ta sani ba. Baba ya hango 'yarsa a gefe, ba fim take kallo ba, fuskokin mutane take kallo, kuma ya ga ta fara sa rai.

Tsohuwar ta isa gaban ƙofar, zagayayya mai gilashi a tsakiya. Ta ɗora hannu a kai.

"Ƙofar firji ce," in ji mai motar ɗaga kaya, ƙasa-ƙasa.

Wani ya ce masa ya yi shiru. Da a nan aka tsaya, da ta wuce. Amma sai ya juyo gaba ɗaya a kan kujerarsa.

"Baba Kun-Lura, ba ta firji ba ce?"

Girgiza kai kawai ya isa. Ɗaga kafaɗa ma ya isa. Amma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan injin haska fim ba ya iya jin an yi kuskure a kan fim ya haɗiye. Bakinsa ya riga shi.

"Ta injin wanki ce."

Ɗakin ya fashe. Wani ya ce ashe wanke ta za a yi, wani ya ce a zuba mata sabulu, mai liƙa takarda tana dariya har da share hawaye. Ƙofar ta buɗe, tsohuwar ta faɗa cikin duhu tana miƙo hannu, ba wanda ya gani, suna gardamar ko ina aka ɓoye maɓallin. Baba ya nemi 'yarsa da ido. Ba ta harare shi ba, da ma ta yi. Kwanonta kawai ta rufe.

Manaja ya shigo ya tarar da su cikin raha, ya ce haka yake son ganin ma'aikata. Aka ɗaga hannu, aka amince da agogon. Ba a ma wahalar da kai wajen ƙirgawa ba.

Bai sake kunna talabijin ɗin ba. Suka yi ta yi masa tsiya, suka gaji, suka koma kallon wayoyinsu. A gida 'yarsa ba ta taɓa tayar da zancen ba, tana gaishe shi, tana zuba masa ruwan zafi, kuma wannan ya fi masa zafi fiye da zagi. Kullum yana ganinta ta taga tana ƙoƙarin gudu tsakanin kantoci, kwali a ƙirji, ƙafar tana binta a baya.

Ba a rufa wata ba agogonta ya koma rawaya. Aka kira ta ofis, aka gode mata ƙwarai, aka ce ta je ta huta.

Ta biyo ta ɗakin cin abinci ɗaukar kwanonta, agogon a tafin hannu, za ta mayar wa mai gadi. Baba yana goge teburin da ya riga ya goge. Ta ajiye agogon a gabansa.

"Duba mini, Baba. Da me aka yi wannan?"

Ba gatse take yi ba, muryarta a gajiye take. Ya ɗauka, ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya bi gefensa da farce yana neman inda aka liƙa, ko fentin da ya ɓare, ko wani abu da zai nuna mata su yi dariya. Sumul yake ko'ina.

"Wannan na gaske ne," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta karɓa, ta nufi ƙofa tana jan ƙafa. A teburin baya wani ya fara tafa mata, don a ganinsa hakan ne karamci, sauran suka taya shi.