Labulen Taga, Ban da na Ƙofa

Tun ranar da Mansura ta haifi 'yarta ta fari a Sule Tankarkar, surukarta Inna Larai ta koma mai gadin ƙofa. Yarinyar zabiya ce, fara tas, gashin kanta kamar auduga. Duk macen da ta zo barka sai Inna ta tare ta a tsakar gida, ta ce jaririya na barci. Barcin nan kuwa bai taɓa ƙarewa ba, har aka yi suna aka watse rabin unguwa ba su ga fuskar Naja'atu ba.

Ita Mansura damuwarta daban. Tagar ɗakinta gabas take kallo, da hantsi ya yi sai rana ta faɗo kan gado, yarinyar ta runtse ido ta yi ta tsala kuka. Malamar asibiti a Gumel ta ce hasken rana na cutar da idon zabiya da fatarta, a nemi labule mai kauri. Inna na jin haka ta washe baki, ta ce a sayo biyu, na taga da na ƙofa, kowa ya huta da idon mutane. Mansura ta sunkuyar da kai don ba a musu da suruka, amma maganar ta yi mata ciwo ƙwarai.

Bayan ta yi arba'in, mijinta Siddiq ya ɗauke ta a babur zuwa kasuwar Maigatari, yarinyar na goye cikin hijabi. Dogo mai labule ya baje musu masu furanni da ƙyalƙyali irin na ɗakin amare, ko kallo ba su ishe ta ba. Kowane yadi sai ta ɗaga shi sama, ta sa tafin hannu a bayansa, in ta hango inuwar yatsunta ta ajiye. Dogo ya gaji da sauke kaya, ya ce ashe bango ta zo saye ba labule ba. Daga ƙarshe ya zaro wani ruwan ƙasa mai shafi, mummuna, mai nauyi kamar bargo. Ta ɗaga, rana ta ɓace. Siddiq ya ce a yanka biyu yadda Inna ta faɗa. Mansura ta ce ɗaya, ta kuma kafe, shi da Dogo suka yi ta lallashi a banza.

Washegari hantsi ya zo ya tarar da taga a toshe. A cikin duhun nan mai sanyi Naja'atu ta buɗe ido tar, ta zuba wa uwarta, ba kuka. Mansura ta share hawaye, ta miƙe ta cire tsohon labulen ƙofa, ta ninke shi ta tura ƙarƙashin gado.

Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofar da ke wangale, ta tambayi ina ɗayan.

"Inna, rana na ce zan tare mata," in ji Mansura, tana durƙushe. "Ban ce zan tare mata mutane ba."

Da la'asar, inuwa ta rufe tsakar gida, maƙwabciyarsu Adda ta shigo aron turmi, tare da wasu mata biyu. Inna ta fara karanto musu zancen barci. Sai ga Mansura ta fito rungume da yarinyar. Kowa ya san mace ba ta ɗaukar 'yar fari a gaban suruka, ba ta ko ambatar sunanta, kunya ce tun kaka da kakanni. Amma Mansura ba ta tsaya ba sai da ta kai gaban Adda, ta yaye zanen da ke fuskar jaririyar.

"Ba barci take ba," ta ce. "Ga ta nan. Sunanta Naja'atu, kuma 'yata ce."

Adda ta ajiye turmin da ta riga ta ɗauka, ta goge hannu a zani, ta miƙo hannu biyu.