Farin Zane a Tagar Stoliv

"Ajiye farantan nan, Tripo," in ji Vjera. "Ba aikinka ba ne."

Mijin nata ya tsaya a tsakiyar ɗakin cin abinci na jirgin ruwa, ya jera farantai tun daga tafin hannu har gwiwar hannu, nasu da na maƙwabtan teburinsu. Wani Bajamushe ma har ya ɗaga masa yatsa yana neman ruwan sha.

"To in bar su haka? Dubi yaron can, tire ɗaya yana neman kayar da shi. A zamaninmu da tuni an sallame shi."

"Zamaninku ya wuce. Yau kai baƙo ne. Zauna."

Ya zauna, amma a bakin kujera, idonsa na kan ƙofar kicin.

Vjera ta zare takalmanta a ƙarƙashin tebur. Ƙafafunta sun kumbura. Tun safe suke tsaye a tashar jiragen ruwa ta Kotor cikin rana, daga wannan layi zuwa wancan, a duba fasfo, a karɓi akwati, a ɗauki hoto. Da suka shigo kuma aka tara su a bene, aka ɗaura wa kowa rigar ceto, wata yarinya ta yi ta bayani da harsuna iri-iri. A can ma Tripo bai bari an huta ba, sai da ya bi mutane yana gyara musu igiya.

'Yarsu Sanja ce ta saya musu wannan tafiya ta mako guda. Ta ce Baba ya ƙare rayuwarsa yana dafa wa baƙi abinci a jiragen ruwa, Mama kuma ta ƙare tata tana jiransa a gida, ya kamata ko sau ɗaya su tashi tare. Vjera ba ta damu da tsibiran da aka ce za su gani ba. Abu ɗaya ya sa ta yarda ta haɗa akwati.

A ƙauyensu na Stoliv, in jirgin da mijin mace yake aiki a ciki zai fita daga gaɓa, jirgin kan busa ƙaho, ita kuma ta hau tagar sama ta kaɗa farin zanen gado har ya ɓace. Haka uwarta ta yi, haka ita ma ta yi shekara da shekaru, da ciki, da goyo, da zazzaɓi, da ruwan sama. Duk dawowar Tripo takan tambaye shi ko ya gani, ya ce, "Na gani mana, ya fi na kowa fari." Yau Sanja ta ce za ta hau tagar ta kaɗa musu. Vjera tana so ta ga abin daga wancan ɓangaren, mijinta na tsaye a gefenta.

Bayan cin abinci suka gangara ɗakinsu. Ɗan ƙarami ne, akwatinsu bai iso ba tukuna. Ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta, ya tashe ta kafin jirgi ya motsa.

Rawar da gado ya soma yi ce ta tashe ta. Tripo ba ya nan.

Ta tura ƙafafunta cikin takalma da ƙyar, ta fita. Hanyoyin cikin jirgin duk iri ɗaya ne, dogaye, da darduma mai sa jiri. Ta hau bene, ba ya nan. Mutane sun cika shi, ana kiɗa, ana rarraba lemo, duwatsun Kotor sun fara ja da baya a hankali. Ta sake gangarowa tana riƙe da ƙarfen matakala, tana hutawa a kowane hawa.

A bakin ƙofar kicin ta same shi, hannaye a baya, yana hira da wani mai dafa abinci ɗan garin Bar. Musu suke a kan miyar kifi.

"Ga uwargida," in ji ɗan Bar yana dariya. "Inna, ki tafi da shi don Allah, tun ɗazu yake koya mini yanka albasa."

"Jirgi ya tashi, Tripo."

"Na ji. Tun da aka kunna inji na ji a ƙafata."

"To me kake jira? Sanja tana can a taga."

Ya dube ta kamar wanda aka tayar daga barci. Ya shafa gaban rigarsa, ya biyo ta.

Da ƙyar suka sami wuri a bakin bene, tsakanin wata mata mai babbar hula da wasu samari masu ɗaukar hoto. Iska ta ɗan yi sanyi. Gidajen dutse na bakin ruwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana ƙwarai, ba kamar yadda ta san su ba. Ta gane cocin ƙauyensu, ta gane wurin da masunta ke ɗaure kwale-kwale. Sai jirgin ya busa ƙaho, ƙarar ta daki dutse ta dawo.

Ga zanen can. Ɗan fari, bai fi hankici ba, yana sama yana ƙasa.

"Ga ta! Tripo, ga Sanja!"

Tripo ya ɗaga hannu yana kaɗawa da ƙarfi. Vjera ta bi inda yake kallo. Gidan marigayi Krsto masunci yake wa hannu, can gaba da nasu, inda aka shanya kayan wanki a baranda.

"Ina kake kallo?"

"Gida mana."

"Wannan gidan Krsto ne."

Hannunsa ya sauko a hankali. Ya ƙanƙance ido, ya bi gaɓar da kallo daga wannan gefe zuwa wancan.

"To wanne ne namu?"

Vjera ta kalli gefen fuskarsa. Kiɗan da ke bayansu bai tsaya ba.

"Ba ka taɓa gani ba ke nan."

"Lokacin tashi muke ɗora abincin yamma," in ji shi, bai dube ta ba. "Kicin yana can ƙasa, ba taga. Ƙahon kawai nake ji, sai in ce a raina, yanzu tana can."

Ta so ta ce wani abu. Akwai maganganu da yawa, tun daga ranar da ta hau tagar da jaririya a kafaɗa, amma gajiya ta fi su nauyi, kuma gidan ya fara komawa baya. In ta tsaya faɗa, zai wuce.

Ta sa hannu ta kama haɓarsa, ta juya fuskarsa kamar yadda ake juya ta yaro.

"Can, ƙasa da coci, kusa da itacen zaitun. Ka gani?"

Ya ƙura wa wurin ido.

"Na gani," in ji shi.

"To ɗaga hannu, tsoho, ta gan ka ta huta. Zanen nan yana da nauyi."