Koriyar Leda da Farar Leda

Tun da Munira ta kashe moto, wato babur ɗinta, ba tare da ham ɗin tsokanar da ta saba ba, Raliya ta san ba da daɗi ta zo ba. Ƙanwar mijinta ce, tana aiki da wata ƙungiya mai raba garin kunu ga yaran Zongo da nauyinsu ya gaza. Raliya na zaune bakin murhu, ɗanta Al'amin a cinyarta, ya gaji da kukan haƙori ya koma tsotsar yatsa.

"Sannu da gida, matar yaya."

"Sannu, sarauniyar lissafi. Ina ledata?"

Munira ta jawo kujera ta zauna. "Babu leda. An tsayar da rabon."

Da damina aka fara abin. Aka kasa yaran gida biyu da ƙuri'a, wasu a ba su sabon gari a koriyar leda, wasu garin gero zalla a fara, a ga wanne ya fi sa ƙiba. Al'amin ya faɗa cikin 'yan koriya. Kafin nan, in an rataye shi a sikeli ranar awo, kau da kai Raliya take yi. Yanzu har kumatu ya yi.

"Kin tuna mwayen ɗin lakkol, matsakaicin makin nan na makaranta?" in ji Munira. "Haka muka yi. Muka haɗa nauyin da 'yan koriya suka ƙara, muka raba da yawansu, muka yi wa 'yan fara haka. Dokar ita ce, ana ɗauka garin duk ɗaya ne sai lissafi ya ƙaryata. Koriya ta ɗara, amma kaɗan. Ko gari ɗaya aka ba su duka ana iya ganin irin wannan tazara, tunda yara ba sa girma daidai. Sai manya suka ce babu hujjar ci gaba da saye."

"Ungo shi, ɗaga ki ji hujja."

"Yaro ɗaya ba ya hukunci, matar yaya."

Raliya ta juya ga murhu. Ta shiga gyara garwashi.

Sai ga sallamar Zulai, maƙwabciyarta, wadda mijinta direba ne, ya fi zama a hanyar Yamai. 'Yarta Hadizatu na goye, ɗan kwano a hannu.

"Maman Al'amin, ko da sauran na koren? Wannan ta ƙi namu tun safe."

Munira ta dubi kwanon, ta dubi yarinyar. "Ba 'yar farar leda ba ce wannan?"

"Ita ce mana," in ji Raliya.

"Tun yaushe kike ba ta?"

"Tun ranar farko. Katanga ɗaya ta raba mu. In dama wa nawa, tata na leƙe?"

"Ke kaɗai?"

Zulai ta yi dariya. "Wa ya rage? Maƙwabciyarmu Mansura ma na aika wa gida uku. Kuma ai ba a mai da kwano wayam. In ta ba ni kore, sai in zubo mata fari, ta haɗa."

Munira ta dafe goshi. "Innalillahi. Wato su 'yan fara sun sha kore, 'yan kore sun sha fari. Ashe tukunya ɗaya muka auna sau biyu. An fa gaya muku kada a raba!"

"An faɗa," in ji Raliya. "Ke da kika faɗa, a wane gida kika girma? Inna ta taɓa sauke tukunya kwano bai tsallaka katanga ba?"

Raliya ta gyara wa Al'amin zama, ta ci gaba.

"To in kin gaya musu gaskiyar abin, za su dawo da shi?"

"Cewa za su yi gwajin ya ɓaci. In za a sake, sai an nesanta yaran, wasu nan, wasu can unguwar Wemtenga inda ba ku san kowa ba. Wannan kuwa sai baɗi, in ma za a yi."

Baɗi. Raliya ta dubi Al'amin. Bayan salla za ta yaye shi, kuma ta san yadda yaye ke zuge yaro. Ta karɓi kwanon Zulai, ta kakkaɓe mata rabin abin da ya saura a gindin leda.

"Me ke cikin garin nan? Kada ki yi mini faransanci."

"Gero, waken suya, gyaɗa. Gero ya fi yawa. Sai a soya kowanne daban kafin niƙa. Akwai wani sinadari da ba za ki samu a kasuwa ba."

"Abin da na samu shi zan ba shi."

Ta miƙe da ƙyar, bayanta na ciwo, ta ɗora wa Munira yaron a cinya. Nan take ya ɓarke da kuka.

"Riƙe ɗanki. Zulai, wanko babban kaskonki kafin in dawo."

Ta yafa mayafi, ta fita neman mai waken suya kafin ta tashi daga kasuwa.